Hawan igiyar ruwa a tsibiran Maldif: Yadda ƙofa ta buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi

Tsawon shekaru masu yawa tsibiran Maldif da ke tekun Indiya sun kasance wurin shaƙatawar attajirai kaɗai. Amma wani sauyin doka da aka yi a shekara ta 2009 ya bai wa matafiya masu ƙaramin ƙarfi, musamman masu wasan hawan igiyar ruwa, damar sauka a garuruwan 'yan ƙasar. Wannan mataki ya kawo arziki ga talakawa, ya kuma ta da muhawara a wannan ƙasa ta Musulmi.

A kowace shekara, daga watan Maris zuwa watan Oktoba, matasa daga Ostareliya da ƙasashen Turai da Brazil da Japan kan sauka a filin jirgin saman Velana da ke daura da Male, babban birnin ƙasar, suna janye da wasu dogayen jakunkuna. Abin da ke cikin jakunkunan shi ne allunan da suke hawa igiyar ruwa da su.

Da yawa daga cikinsu ba sa nufar manyan otal-otal ɗin da aka san ƙasar da su, inda kwana ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli, wani lokacin ma dubbai. A maimakon haka sukan shiga jirgin fito tare da masunta da 'yan makaranta da buhunan shinkafa, su nufi wani ƙaramin gari, su kama ɗaki a gidan saukar baƙi da ke kusa da masallaci. Shekaru 20 da suka wuce doka ba ta yarda da irin wannan tafiya ba.

Mene ne wannan wasa?

Ga mazaunin Samaru ko Sabon Garin Zariya, wanda tsakaninsa da teku akwai tazarar fiye da kilomita 600, wasan na buƙatar ɗan bayani. Mai wasan yakan kwanta rub da ciki a kan wani allo mara nauyi mai tsawon kimanin mita 2, ya riƙa tuƙi da hannuwansa har ya kai wurin da igiyar ruwa ke tasowa. A can zai zauna yana jira. Da zarar ya hango wadda ta yi masa, sai ya juya ya fuskanci gaɓa, ya yi tuƙi da sauri har igiyar ta ɗauke shi, sannan ya miƙe tsaye ya riƙa sululu a jikinta kafin ta karye. Babu inji, babu filafilai. Ƙarfin ruwan ne kawai ke tafiya da shi, kuma sau da yawa abin ba ya wuce daƙiƙoƙi kaɗan.

An fi danganta asalin wasan da mutanen tsibiran tekun Pasifik, musamman Hawai. Sai dai masana tarihi sun nuna cewar mutanen gaɓar Afirka ta Yamma ma sun daɗe da saninsa. A shekara ta 1834 wani sojan Birtaniya mai suna James Alexander ya rubuta cewar ya ga yara a Akra suna hawa igiyar ruwa a kan ƙananan alluna. A yau wasan ya shiga jerin wasannin Olamfik: an fara yinsa a gasar Tokyo da aka gudanar a 2021, kana a gasar Paris ta 2024 aka kai shi tsibirin Tahiti.

Abin da ya sa masu wasan ke yawo ƙasa-ƙasa shi ne ba kowace gaɓa ce ke da igiya mai kyau ba. Igiyoyin da ke isa Maldif suna samo asali ne daga manyan guguwoyin da ke kaɗawa can kudancin tekun Indiya, wajejen Antatika. Ruwan da guguwar ta motsa yakan yi tafiyar dubban kilomitoci, yana daidaita a hanya, har ya iso a jere, layi bayan layi. Idan ya ci karo da duwatsun murjanin da ke kewaye da tsibiran, inda zurfi ke raguwa farat ɗaya, sai ya miƙe ya naɗe, ya riƙa karyewa a hankali daga gefe guda zuwa ɗaya gefen.

Ke nan kowace igiya mai kyau tana da matsayinta da ba ya sauyawa, tamkar fadama a cikin daji, kuma mutane ƙalilan ne za su iya amfana da ita a lokaci guda. Wannan shi ne tushen darajarta, shi ne kuma tushen rigimar da ake yi a kanta.

Ƙasar da wuri ya fito

Maldif ta ƙunshi ƙananan tsibirai kimanin 1,190, waɗanda suka jeru cikin zobba 26 a kudu maso yammacin Indiya da Sri Lanka. Waɗanda ke da garuruwa ba su kai 200 ba. Ƙidayar shekara ta 2022 ta nuna cewar mutanen da ke zaune a ƙasar sun ɗan haura rabin miliyan, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu daga cikinsu baƙin ma'aikata ne, akasari daga Bangladesh da Indiya.

Ko da yake ƙasar na da nisa, tana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Zazzau da Kano da Katsina, mafi ingancinsa daga tekun Maldif aka riƙa tsamo shi. Daga can ake kai shi Bengal da Silon, jiragen Turawa su ɗauke shi zuwa Turai, sannan su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewar a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Kalmar kuɗi kanta a kan wurin aka fara amfani da ita.

Akwai kuma alaƙar addini. Sarkin tsibiran ya karɓi Musulunci a shekara ta 1153. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen shekara ta 1343, ya ruwaito cewar wani malami daga Magrib mai suna Abul Barakat ne sanadin musuluntar tasu, kuma a zamaninsa mazhabar Malikiyya suke bi. Daga baya ne suka koma Shafi'iyya. Tsarin mulkin ƙasar na 2008 ya tanadi cewar wanda ba Musulmi ba ba zai zama ɗan ƙasa ba.

Baƙon da jirginsa ya farfashe

Labarin yadda duniya ta san igiyoyin Maldif ya faro ne daga wani haɗari. A ƙarshen shekara ta 1973 wani jirgin ruwa da ya taso daga Sri Lanka ya yi karo da duwatsun murjani a arewacin Male. Daga cikin waɗanda ke cikinsa akwai wani matashi ɗan Ostareliya mai suna Tony Hinde. Yayin da ake ƙoƙarin ceto jirgin sai ya lura da irin igiyoyin da ke karyewa a bakin tsibiran, babu kowa a kansu.

Hinde ya yanke shawarar zama. Ya koyi harshen Dibehi, ya musulunta ya ɗauki suna Husaini, ya auri 'yar ƙasar, kana ya shafe kimanin shekaru 15 yana ɓoye sirrin wuraren ga kowa in ban da wasu abokansa ƙalilan. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ya kafa kamfanin kawo masu wasan. Ya rasu a watan Mayun 2008 yana cikin ruwa a wurin da ake kira Pasta Point. Ɗaya daga cikin igiyoyin yankin, wato Honky's, da laƙabinsa ake kiranta.

Katanga tsakanin baƙo da ɗan gari

An buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido, wato Kurumba, a shekara ta 1972. Tun daga farko hukumomi suka fuskanci tambaya mai wuya: ta yaya za a karɓi kuɗin baƙin da ke shan giya, suna kuma yawo kusan tsirara a bakin teku, ba tare da tarbiyyar jama'a ta gurɓace ba?

Amsar da gwamnatin Shugaba Maumoon Abdul Gayoom ta bayar ita ce raba su kwata-kwata. Aka tsara cewar kowane otal zai kasance a tsibirinsa shi kaɗai, inda babu gari. A can an halatta sayar wa baƙi giya. A shekara ta 1984 kuma aka soke lasisin gidajen saukar baƙi da ke ƙananan garuruwa, ta yadda baƙo ba ya iya kwana a cikin jama'a sai da izini na musamman.

Tsarin ya kawo wa ƙasar kuɗin shiga mai yawa, amma yana da illa biyu. Ta farko, dukiyar ta taru a hannun wasu iyalai ƙalilan da kamfanonin waje da ke da ƙarfin gina otal a tsakiyar teku. Mutanen ƙauyuka kuwa sai dai su bar iyalansu watanni su je aikin share ɗakuna ko tuƙin kwale-kwale. Ta biyu, duk matafiyin da ba shi da hannu da shuni an rufe masa ƙofa. Mai son hawan igiyar ruwa na da zaɓi biyu ne kacal: ko otal mai tsada, ko kuma ya yi hayar gado a cikin jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi, wanda shi ma ba arha ba ne.

Bayan da Mohamed Nasheed ya lashe zaɓen shekara ta 2008, gwamnatinsa ta sauya dokar a 2009, ta ba 'yan ƙasa damar buɗe gidajen saukar baƙi a garuruwansu. An buɗe na farko a tsibirin Maafushi a 2010. A yau yawansu ya haura 800. A shekara ta 2024 adadin baƙin da suka ziyarci ƙasar ya zarce miliyan 2 a karon farko.

Yadda ake tafiyar da kuɗi kaɗan

Cibiyar wannan sabon salon yawo ita ce yankin arewacin Male, inda fitattun igiyoyi suka jeru kusa da juna. Sunayensu na Turanci ne, kuma kowane na da dalili. A tsibirin Thulusdhoo, mai nisan kilomita 28 ko kusa da haka daga babban birnin, akwai Cokes, wadda ta samu sunanta daga masana'antar Coca-Cola da ke garin. A tsallaken mashigin ruwa akwai Chickens, saboda wani gidan kiwon kaji da aka taɓa yi a wurin. A Himmafushi kuma akwai Jailbreaks, domin tana daura da gidan kurkuku.

Hanya mafi arha ta isa waɗannan garuruwa ita ce jirgin fito na gwamnati, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ƙalilan ba, sai dai yana tafiya a hankali kuma ba ya tashi ranar Juma'a. Kwale-kwale mai gudu yakan kai mutum Thulusdhoo cikin kimanin rabin sa'a, amma kuɗinsa ya ninka na jirgin fiton sau da yawa. Ɗaki a gidan saukar baƙi yakan kama daga dala 50 ko kusa da haka, galibi har da karin kumallo. Wanda ya ci abinci a shagunan shayin da 'yan gari ke zuwa, inda ake sayar da gurasa da dakakken kifi haɗe da kwakwa da albasa da barkono, zai rage kashe kuɗi ƙwarai. Wasu igiyoyin daga gaɓa ake tuƙawa zuwa gare su, wasu kuma sai an haɗa kuɗi an yi hayar ƙaramin jirgi.

Wajibi ne matafiyi ya sa haraji cikin lissafinsa. Tun daga watan Janairun 2025 harajin muhalli ya koma dala 6 a kowane kwana a ƙananan gidajen baƙi, da dala 12 a manyan otal-otal. Harajin kayayyaki da hidimomin yawon buɗe ido kuma ya kai kashi 17 cikin 100 daga watan Yulin 2025, ban da kashi 10 cikin 100 na ladan ma'aikata.

Ƙasar na ba baƙi bizar kwanaki 30 kyauta a filin jirgi, muddin suna da tikitin komawa da shaidar masauki. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Najeriya, ana buƙatar ya nuna katin rigakafi. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, sai an yada zango a birane irin su Doha ko Dubai ko Istanbul, saboda haka kuɗin jirgi ne ke cinye kaso mafi tsoka. Arhar da ake magana a kai, arha ce idan an kwatanta da otal-otal ɗin alfarma, ba wai tafiya ce ta kowa da kowa ba.

Igiyoyin sun fi girma daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin iskar daminar kudu maso yamma. Ruwan na da ɗumi duk shekara. Amma fa ba wurin koyo ba ne, domin a ƙarƙashin ruwan duwatsun murjani ne masu kaifi, kuma ruwan da ke gudu a mashigan da ke tsakanin tsibirai na iya jan mutum zuwa tsakiyar teku. Manyan asibitoci kuwa a Male da kewayenta suke.

Addini da al'ada

Dokar 2009 ta rushe katangar da ke tsakanin baƙo da ɗan gari, amma ba ta ɗage ƙa'idojin addini ba. Haramun ne sayar da giya ko naman alade a duk tsibirin da ke da gari, kuma jami'an kwastan na karɓe duk wanda aka shigo da shi. Ana buƙatar baƙi su suturta jikinsu a cikin gari. Garuruwa da yawa sun keɓe wani yanki na bakin teku, sun kange shi, inda nan ne kaɗai aka yarda baƙi su sa kayan wanka. Shaguna kan rufe a lokutan salla, kana a watan azumi akasarin gidajen abinci ba sa buɗewa da rana.

Duk da haka ra'ayoyi sun bambanta. Masu goyon bayan tsarin na nuni da matasan da suka samu aiki a garinsu, a matsayin jagororin baƙi da masu ɗaukar hoto da masu gyaran alluna, da kuma matan da ke sayar da abinci. Masu adawa kuwa na kokawa da baƙin da ke keta dokar sutura, da kuma jiragen da ke tsayawa nesa kaɗan da gaɓa suna sayar da giya. Batun yawon buɗe ido ya sha shiga siyasar ƙasar. A watan Disambar 2011, bayan wata gagarumar zanga-zanga da aka yi da sunan kare Musulunci, gwamnati ta ba da umarnin rufe wuraren tausa na otal-otal, amma cikin 'yan kwanaki ta janye umarnin. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da mutanen waɗannan tsibirai ke ƙoƙarin tabbatarwa shi ne kada raɓar ta fi ƙarfin kabar.

Wa ya mallaki igiyar ruwa?

Tambaya mafi zafi ita ce ta mallaka. Wasu otal-otal sun keɓe igiyoyin da ke gaban tsibiransu ga baƙinsu kaɗai, kamar Pasta Point da Lohi's. Hujjarsu ita ce ƙayyade yawan mutane na hana cunkoso da haɗari. Amma sakamakon haka shi ne ɗan ƙasa ba ya iya shiga ruwan da kakanninsa suka yi su a ciki sai ya biya.

A shekara ta 2012 an yi ta ce-ce-ku-ce a kan wani shiri na ba wani kamfani hayar tsibirin Thanburudhoo na tsawon shekaru 50. A gefen wannan tsibiri ne igiyoyin Sultans da Honky's suke, waɗanda masu gidajen baƙi na Himmafushi da Thulusdhoo suka dogara da su. Masu wasan 'yan ƙasar suka tashi tsaye suka yi ta fafutuka, kuma a ƙarshe ba a gina otal ɗin ba. A birnin Male ma, aikin gadar Sinamale da ƙasar Sin ta taimaka aka gina, aka kuma buɗe a 2018, ya hana matasa shiga Raalhugandu, wurin da akasarinsu suka koyi wasan, har tsawon lokacin aikin.

Ba Maldif kaɗai ke fama da wannan batu ba. A shekara ta 2010 gwamnatin Fiji ta kafa dokar da ta buɗe wa kowa igiyoyin da otal-otal suka killace. A tsibiran Mentawai na Indonesiya kuwa, hukumomi sun sanya wa baƙin masu wasan haraji na musamman daga 2016.

Buɗe ƙofar ya taimaka wajen fito da 'yan wasan cikin gida, maza da mata, har ma Thulusdhoo ta karɓi baƙuncin gasar nahiyar Asiya a 2023. Sai dai a tsakiyar kakar wasan mutane kan yi yawa a kan igiya ɗaya, abin da kan haddasa cacar baki tsakanin baƙi da 'yan gari.

Barazanar da ta fi kowace girma

Samaru na kan tudu mai tsayin mita 686 daga doron teku. A Maldif kuwa kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai tsayin mita ɗaya ba. Igiyar tsunami ta watan Disambar 2004 ta halaka ko ta ɓatar da mutane fiye da 100, ta kuma yi ɓarnar da aka ƙiyasta ta haura rabin abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A watan Oktoban 2009 Shugaba Nasheed ya gudanar da taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa domin jan hankalin duniya ga ɗumamar yanayi.

Murjanin da ke haifar da igiyar shi ne kuma garkuwar tsibiran, kuma halitta ce mai rai da ba ta jure zafi. Ɗumamar ruwan teku ta kashe shi da yawa a 1998 da 2016. Ƙari a kan haka, yashe ƙasan teku domin faɗaɗa tsibirai da gina tashoshin jiragen ruwa na iya sauya yadda igiya ke karyewa, ko ma ya kashe ta ɗungurungum. Ƙananan garuruwan da suka cika da baƙi kuma na fama da shara da ƙarancin ruwan sha.

Abin lura ga Najeriya

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma tana cikin ƙasashen da aka nuna a fim ɗin The Endless Summer na 1966, wanda ya yaɗa al'adar yawon neman igiyar ruwa a duniya. Wurin da aka fi sani da wasan shi ne Tarkwa Bay a Legas, inda sai ta jirgin ruwa ake zuwa, kuma yaran masunta da dama suka ƙware. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna yankin, bisa hujjar ana fasa bututun mai a wajen.

Abin da ya faru a Maldif ya nuna cewar igiyar ruwa dukiya ce kamar ma'adini, amma doka ce ke yanke hukuncin wanda zai ci moriyarta. Tsawon shekaru 25 igiyoyin na karyewa a gaban Thulusdhoo ba tare da mutanen garin sun samu damar saukar da baƙo ko ɗaya ba. Abin da ya sauya a 2009 shi ne izinin buɗe gidan baƙi, da jirgin fito mai arha, da kuma barin ruwan a buɗe ga kowa.